Mai Majigi Ba Ya Tsayar da Fim

"Ki ce mata likita ne ya faɗa, ba ni ba," in ji Baba Mai Majigi daga kan gado. "In daga bakina ta ji, cewa za ta yi fim nake shiryawa."

Ina tsaye a bakin ƙofarsa, waya a kunne, tef ɗin awo a wuyana, don daga kan keken ɗinki na taso. 'Yarsa ce a layin, wadda shekara tara muna maƙwabtaka da shi ban taɓa sa ta a ido ba. Na faɗa mata abin da likita ya ce: huhun ya gama aiki, sai dai kwanaki.

"Ran Asabar," ta ce. "Motar safe zan shiga, wajen ƙarfe biyar na sauka. Amma ban san gidan ba, sai na kira ki."

"Ki kira ko yaushe ne, ƙanwata. Wayar tana hannuna."

Haka na ce mata, da bakin nan nawa.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasa, a wani gidan haya da ke ƙarshen lungu, ba lamba ba alama. Shekara arba'in ya yi yana nuna fim a silima, har aka rufe ta aka mai da ita wurin ajiye siminti. Kowa Mai Majigi yake ce masa. Ɗakinsa gado ne, kujera ɗaya, talabijin, sai kanta uku cike da faya-fayai. Duk Lahadi da rana nakan shiga mu yi kallo, kuma yana da doka: a saki labule, a rufe baki, a kashe ƙarar waya a jefa ta cikin durowa. Ranar da na kuskura na amsa kiran wata da ta kawo mini ɗinki ana tsakiyar kallo, sati biyu ya yi ba ya amsa gaisuwata. Tsoho ne mai taurin kai, Allah ya ji ƙansa.

A kanta ta sama akwai wasu faya-fayai da ya ɗiga wa jan fenti. Waɗannan ba ya taɓa su.

"Marasa kyau ne?" na taɓa tambayarsa.

"Su ne masu kyaun," ya ce. "Shi ya sa. Akwai fim ɗin da in ka kalla sau ɗaya ya ishe ka har kabari. Wanda ya sake kallo, ko dai ba shi da zuciya, ko neman wahala yake."

Ran Alhamis, ina goge masa baki bayan ya sha magani, ya nuna faifan ƙarshe a layin masu jan fenti da haɓa.

"Kin san me ya raba ni da yarinyar nan?"

Na ce ban sani ba, kuma ban tambaya ba.

"Inji biyu ne a ɗakin nuni," ya ce, yana tsayawa yana jan numfashi. "Kowane naɗin fim minti ashirin. In ya kusa ƙarewa wani ɗan ɗigo zai fito a kusurwar allo, sai ka tayar da ɗaya injin. In ka iya, babu wanda zai san an canja. Ni kaɗai ne a ɗakin. Ranar da muka fara nuna wancan, uwarta tana asibiti. Ina kan naɗi na uku ƙanwar matata ta hawo matakala tana haki, ta ce in zo yanzu-yanzu. Saura naɗi huɗu. Mutum ɗari huɗu a zaune, ko tari babu mai yi. Ni kaina idona na kan allon. Na ce ta je, ina nan tafe."

"Baba, ƙarasawa ka yi?"

"Ba a tsayar da fim a tsakiya, 'yar nan. Haka aka koya mana." Ya rufe ido. "Da na isa an riga an lulluɓe ta. Yarinyar tana da shekara sha biyar, ita ta rufe wa uwarta ido. Sati uku muka ƙara muna nuna fim ɗin. Na juya wa tagar da nake hango allo baya, da kunne na riƙa canja naɗin."

Wallahi ranar na ji haushinsa. Na kwashe kofuna na fita ko sai an jima ban ce masa ba. Amma da na ji tarinsa ta bango sai na dawo, ya zan yi.

Ran Asabar tun da safe na share ɗakin, na canja zanin gado, na sa masa farar rigar da na goge. Ya sa na taje masa gemu. Sau uku yana tambayata ƙarfe nawa. Biyu saura kaɗan ya ce, "Sauko mini da faifan nan."

"Haba Baba! Yau ɗin? In ta shigo ta tarar fa?"

"Biyar ta ce. Huɗu da kwata ya ƙare. Ina so kafin ta zo in ga abin da ya riƙe ni, ko in san abin da zan ce mata."

Na sa faifan, na saki labule. Sai ya miƙo hannu, hannun da ko kofi ba ya iya riƙewa.

"Wayar."

"Kira nake jira, Baba."

"Sai biyar, na ce."

Na yi tsaki, na kashe ƙarar, na jefa ta a durowa. Mutum na bakin mutuwa, wa zai tsaya musu da shi a kan waya?

Fim ɗin na wata mata ce da rijiya ta rufta da mijinta, mai haƙa. Yana can ƙasa da rai, akwai wani siririn bututu da suke magana ta ciki. Kwana biyu mutanen gari na tono, ƙasa na sake zubewa, har suka haƙura suka watse. Ita kuwa ba ta faɗa masa ba. Ta ɗauki shebur tana dukan ƙasa kusa da bututun don ya ji kamar ana aiki, tana canja murya, tana kiran sunayen mazan da suka tafi. Shi kuma daga ƙasa yana ce mata ta ba su ruwa, sun sha wahala.

Ba a yi minti goma ba Baba ya juya fuskarsa bango.

"Ba zan iya ba," ya ce. "Ki kalla ke. Ni ina ji."

"In kashe?"

"Kul."

Can sai na ji ya ce a hankali, "Canji." Ban gane ba sai da ya sake faɗa bayan wani lokaci. Wurin canja naɗi yake kamawa da kunne, shekara ashirin da shida bayan nan. Na ji na farko, na ji na biyu, na ji na uku. Daga nan matar ta fara dukan ƙasa, tafin hannunta ya fashe, mijin ya ce mata ya san muryarta ce amma ta ci gaba. Ni kuma hankalina ya bar ɗakin nan gaba ɗaya. Ina kuka kamar wadda aka aiko wa da mutuwa, na cusa bakin mayafi a baki don kada in karya doka. Ban lura ba a sake cewa canji ba.

Da rubutu ya fara hawa allon na share fuska, na ce, "Baba, ka yi gaskiya. Ni da wannan har abada."

Bai amsa ba. Na taɓa kafaɗarsa. Na kira shi sau uku, na kara kunne a bakinsa. Innalillahi. Taku biyu ne tsakanin kujerata da gadonsa.

Na jawo durowar, na ɗauko wayar. Kira goma sha ɗaya, na farko tun uku saura kwata. Ga saƙo kuma: "Na kasa barci, na shigo motar asuba. Ina bakin kantin magani na kan titi. Wane lungu ne?"

Ko takalmi ban sa daidai ba. Daga ƙofarmu zuwa kantin maganin tafiyar minti uku ce. Na hango ta a inuwar rumfa, doguwa, da goshinsa sak, jaka a kafaɗa, leda cike da lemo a hannu.

"Yaya, ke ce? Ina ta kiran ki," ta ce. "Na bi lungu huɗu ina tambaya, kowa ya ce bai san shi ba."

Da sunansa na gaskiya take tambaya. Mu kuwa a unguwar nan babu wanda ya san wannan sunan, har ni.

"Yaya jikin nasa?"

Ta dube ni, ta dubi ƙafata, sai kawai ta wuce gaba kamar ta san hanya, ni ina bin ta ina nuna kwana da hannu.

Ɗakin duhu, labule a sake, talabijin na kunne. Faifan ya koma farko da kansa, fuskar matar nan ta tsaya a allo, kiɗa na ta maimaituwa. Ta tsaya a ƙofa tana kallon kujerar da ke fuskantar talabijin ɗin, da bayan ubanta cikin farar riga.

"Yaushe?" ta ce.

"Ban sani ba, ƙanwata."

"Ba kina nan ba?"

"Ina nan."

Na so ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Ta ajiye ledar lemon a ƙasa, ta zare wayar talabijin daga bango, ɗakin ya yi tsit. Ta zauna a bakin gado ta jawo hannunsa.

"Da sauran ɗumi," ta ce, ba da ni take ba.

Ta sa hannun a tsakanin tafukanta tana murzawa a hankali, yadda ake yi wa wanda ya shigo daga sanyi, jakar tafiyarta na nan rataye a kafaɗa.