Wurin Numfashi

Makaɗa suna kiransa A Sake, amma a bayan idonsa. Masu shirya fim sun ce idan ya sa wa hoto kiɗa, ko jarumin da bai iya kuka ba sai ya ba ka tausayi. Masu goge na babbar ƙungiyar makaɗa sun ce kunnensa na gane kuskure kamar yadda haƙori ke gane tsakuwa. Matarsa kuwa cewa take ba shi da mugunta, sai dai rabonsa da taka ƙofar yayanta shekara ashirin da uku.

Da shi da yayan nata tare suka fara kiɗan jaz a wani ƙaramin kulob, shi a fiyano, yayan yana busa ƙaho. Da aka ba A Sake fim ɗinsa na farko, ya rubuta wa surukin nasa doguwar busa ta ƙarshen fim, ya ja layi a kanta daga farko har ƙarshe, wato a yi ta da numfashi ɗaya. Sau goma sha ɗaya mai ƙahon ya gwada, kullum sai ya yanke a wuri guda ya shaƙi iska. Ya ce a ba shi wurin numfashi, shi ba fiyano ba ne, ƙirji gare shi. A gaban makaɗa talatin A Sake ya ce ba laifin takarda ba ne, ƙarfi ne ya ƙare, kuma gobe zai turo wanda zai iya.

Ya turo wani matashi, shi kuma ya wuce wurin darakta. Da ya dawo, injiniyan sauti ya kunna masa faifan, busa ta tafi sumul ba yankewa. Maganar ta bazu cewa mai ƙaho ya ƙare, aka daina kiransa aiki. Ya buɗe shagon gyaran kayan busa a bayan tashar mota. Ƙanwarsa takan je gaishe shi ita kaɗai.

Bana babbar ƙungiyar ta shirya kaɗa ayyukan A Sake a gaban jama'a, har da busar nan. Mai ƙahonsu mace ce, kuma babu mai shakkar iyawarta. A wurin gwaji ta yanke daidai inda surukinsa yake yankewa. Ya ce a sake. Ta sake, ta yanke. A karo na huɗu ta sauke ƙahon a cinya.

"Baba, ko ƙirjin bijimi aka ara mini ba zan kai ba."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. A Sake ya ce an taɓa yi, kuma yana da shaida. Ya tafi gidan injiniyan nan neman faifan.

Injiniyan ya tsufa, ya bar aiki, amma tsofaffin faya-fayan suna jere a ɗakinsa. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce na'urar ta daɗe ba ta juya ba, ya ce idonsa ba ya gani. Daga ƙarshe ya ɗora faifan, ya juya shi da hannu a hankali har wani ɗan farin manne ya bayyana. Ya sa yatsa a wurin. Ya ce matashin nan ko rabi bai kai ba. Shi ne ya ɗauko gwaji na bakwai na surukin A Sake, ya yanke wurin numfashin daga zaren faifan da reza, ya haɗe bakin biyu. Sunan matashin aka rubuta a fim, amma busar da duniya ke yabo ta yayan matar A Sake ce.

A Sake ya tambaye shi me ya hana shi faɗa.

"Wa ya isa ya gaya maka magana a lokacin? Ni ma ina da 'ya'ya."

Guntun da aka yanke yana nan liƙe a cikin murfin kwalin, bai kai tsawon yatsa ba.

Washegari da hantsi A Sake ya ce wa matarsa ta nuna masa hanyar shagon. Ta dube shi, ba ta tambayi dalili ba, ta ɗauki jakarta.

Sun tarar da shi yana fitar da lotsawa daga bakin wani ƙaho da ƙaramar guduma. Ya amsa gaisuwar ƙanwarsa, ya tura wa baƙon kujera da ƙafa, ya tambaye shi ko fiyano ne ya lalace, don shi ba ya gyaran abin da ba ya numfashi. A Sake ya ajiye takardar busar a kan teburi, da fensir, da guntun faifan. Mai gyaran ya goge hannu, ya ɗauki fensirin, ya yi ɗan waƙafi, alamar numfashi, a tsakiyar layin ba tare da ya nemi wurin ba. Ya ce a kai wa yarinyar, kada a kashe 'yar mutane. Guntun kuwa bai taɓa shi ba. Ya ce tun ranar da ya shiga silima ya gane busarsa, ai mutum ba ya kasa gane muryarsa.

Ya koma kan gudumarsa. A Sake ya jira har ƙarar ta tsaya.

"Yaya, kai ke da gaskiya tun ranar. Na ci mutuncinka a gaban mutane, na raba ka da sana'arka. Ka yafe mini."