Rabon Takardun Lukuman

Ɗana Lukuman ya rasu shekarar sanƙarau. Kwana huɗu yay yi kwance. Abin da yab bari bai taka kara ya karya ba: keke, riguna ukku, rediyo, sai takardu sittin cikin leda.

Aikinai Kalgo yake, wani ohishin gona. Can sunka aje wani inji, kwamfuta, mai waya ga gindi. Shekara ukku Lukuman shina koya mata roƙo. Haka ni dai nig gane. Ta buga waya Sakkwato, ko ƙasar Turawa, ta tambayi 'yar'uwatta abin da anka rubuta kan ciwon gero, waccan ta aiko. Yac ce ya gina ma injin rumbun umarni, duk mai son aiki sai shi ɗebo. To amma rumbun ba wanda yas san ƙohwatai sai shi. Shi ya sa yaɗ ɗauko hutu yaz zo gida Gwandu shi rubuta bayani.

Ni yake gwada ma bayanin, ina tsinkar zogale. "Inna, in kin gane, kowa ya gane."

"Allah shi saka, Lukuman. Wato ni ce ƙarshen jakkai."

Ranar rabon gado ƙanen ubanai, Malam Bawa, yat tuna ya taɓa jin yaron na cewa takardun ga sun hi garken shanu. Sai yac ce dukiya ce, a raba. Ba ɗa ba jika, don haka matatai Huseina rubu'i, ni sulusi, saura na Bawa. Kuma don kada a cuci kowa, bai ɗebi na sama ya ba wannan, na ƙasa ya ba waccan ba. Sai yab barbaza su bisa tabarma yac cuɗe, yadda aka yi ma goro don manya su haɗu da ƙanana, yay yi ta jehwa ma kowa ɗai-ɗai. Mutane sunka ce Bawa ya yi adalci.

Bayan arba'in sai ga Atiku, abokin aikinai, bisa babur, ido ya yi zuru-zuru.

"Inna Indo, takardun marigayi nika nema. An canza lambar Sakkwato, injin ya yi shiru. Masu shi za su zo ƙarshen wata. In bai yi magana ba su goge aikin Lukuman su kwashe kayansu."

Nim miƙa mai nawa ishirin. Yad duba lambobin ƙasa: biyu, bakwai, takwas, sha ukku. Yak kalle ni.

"Ina saura?"

"Shari'a ta ci."

Huseina ta koma gidansu can Kalgo, Atiku yas samu nata lahiya lau ƙarƙashin akwati. Na Bawa kuwa, ya kai su kasuwa Laraba biyu ba wanda yat taya. Yag gaji yab ba mai tsire, anka ba shi tsinke huɗu. Garken shanu ke nan.

Atiku yad dawo yaz zauna zaurena, ya jera abin da yas samu ƙasa, giɓi nan giɓi can kamar bakina. Shina karantawa shina tsaki.

"Nan ya ce a aika buɗewa, sai shafin ya ƙare. Mi za a aika?"

Nic ce, "Sallama. Kai in ka je gidan mutane kutsawa kakai? Kwamfutar ta hwaɗi sunanta da harshen da taka ji. Ta tsaya. Sai waccan ta Sakkwato ta amsa ta ce ta yarda, kana a yi tambaya."

Yas saki baki. "Inna, wa yag gaya maki?"

"Mai tsire."

Yaj jawo biro. Kwana biyar munka yi haka, shi da rabin Turanci, ni da rabin Hausa. Nig gaya mai waccan ba ta zubo amsa gaba ɗaya. Sai ta ce, ina da ɗari, nawa kike iya ɗauka? Wagga ta ce goma. A aiko goma, ta haɗiye, ta ce ƙaro. Lukuman ya ce da mudu aka auna ma baƙo, ba a juye mai buhu ga ka. Atiku ya rubuta har da mudun.

Nis sa mai sharaɗi guda. Sunan ɗana bisa bangon littahin da muka haɗawa, da manyan baƙi, na Atiku ƙasa in akwai wuri. Yar rantse.

Ran na shidda yac ce, "Saura guda. In ana cikin aikowa waya ta tsinke, mi kwamfutar za ta yi? Ta soma daga hwarko, ko akwai abin da taka riƙewa ta ci gaba? Layin Kalgo ba ya minti biyar bai tsinke ba. Shafi tara ne, duk wajen Malam Bawa sunka hwaɗa."

Na san wurin. Ranar da Lukuman za shi gaya mani, da hantsi, ya zauna da takardar ga hannu, yac ce, "Inna, wuyana ya ƙi juyawa." Nic ce kwanciya ce yay yi ba daidai ba. Nis shahwa mai man shanu. Sai washegari munka nemi mota zuwa asibiti.

"Wanga bai gaya mani ba."

"Ko kalma guda, Inna. Ki tuna."

"Na tuna duka, ɗan nan. Babu shi ciki."

Ƙarshen wata yay yi. Atiku ya ce injin ya yi sallama gaban masu shi, Sakkwato ta amsa, goma na hwarko sunka iso, har wani yat tahwa. Sai waya tat tsinke. Injin yat tsaya shina jira. Sunka jira tare da shi har la'asar, sannan sunka zare wuta sunka sa shi bayan a-kori-kura.

Atiku ya kawo mani littahin da munka haɗa, an ɗinke shi da zare. Yan nuna mani bango yac ce ga sunan nan. Nis sa yatsa nib bi baƙaƙen, guda bakwai. Ban san ko gaskiya yah hwaɗa ba. Ban kai ma kowa shi karanta mani ba.

Bawa ya aiko wai a tambaye ni ko shina da kashi cikin sabon.