Rana Ɗaya a Tsaye, Uku a Kwance

Bintu ta gaji da jin kalmar "rago". Ba a faɗa mata ido da ido, a'a, matan Kurfey sun fi haka wayo. A bakin rijiya ake sakinta, daidai lokacin da ta juya baya da tulu a kai. Wai mijinta Kailu ne rago! Kailun da shekara uku baya in ya kama hauya sai samari su biyo bayansa suna haki. Masassara ce ta kada shi wata damina. Masassarar ta tafi abinta, ƙarfinsa bai dawo ba.

Maganar mata ba ta hana cin tuwo, gonar ce damuwarta. Ruwa ya zauna, hatsi ya tsiro, ciyawa ta taso ta fi shi tsawo. A garinsu kuwa dokar gayya a fili take: mai ciwo, a taru a nome masa, ba a jiran ya rama. Mai lafiya da ya ƙi zuwa gonar wasu, ba mai taka tasa. In aka yi kwana goma sha biyar ba a shiga gonar nan ba, bana rumbunsu wayam.

Ta je ta durƙusa gaban Zakari, sarkin noman garin, dattijon da ya yi abota da mahaifin Kailu.

"Ɗiyata, ni ba ƙin Kailu nike ba," in ji Zakari. "Amma ran Lahadi an gan shi kasuwar Filinge bisa ƙafafunai. Karnen likita kuma, ɗan littafinai na asibiti, malamin lakwal ɗinmu ta boko ya karanta muna, an ce ba a ga komi ba. Mi zan ce ma samari?"

Abin haushin, tsohon bai yi ƙarya ba. Sau huɗu suna zuwa ƙaramar likitar ƙauye, ɗakin shan magani, kuma kowane zuwa ranar da jikin ya ɗan saki ne, don ranar kaɗai Kailu ke iya hawa amalanke. Sai ya yi wanka, ya sa rigar salla, ya zauna gaban ma'aikacin a miƙe. A ce masa yaya jiki, ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." To, me kake so bawan Allah ya rubuta? Ya duba jini, babu palu, wato zazzaɓin sauro, ya ja haruffa uku na Faransanci masu nufin ba abin faɗi, ya miƙo karne.

Bintu ta ɗaure jaki, ta shimfiɗa tabarma a amalanke, ta kai shi babban asibiti a Filinge. Likitar da suka samu mace ce, Ummul, 'yar siririya mai tabarau. Ta sa aka ɗibi jini, aka duba ƙirji, aka duba maƙogwaro, ta ce su dawo bayan kwana shida. Da suka dawo ta baje takardu bisa tebur, duk lafiya lau. Bintu ta ce a ranta, shi ke nan, nan ma za a ce ba a ga komi ba.

"Malam Kailu, yaya jikin?"

"Da sauƙi, likita."

Ummul ta ajiye biro, ta juyo wajen Bintu. "Yaya, ke ke tare da shi. Ran da ya dawo daga kasuwa, washegari yaya yake tashi?"

Bintu ta sunkuyar da kai. Haba, a gabansa? Shekara uku tana rufa masa asiri. In an yi sallama yana kwance, ta ce ya zagaya bayan gari. Matar kirki ba ta tona kasawar mijinta, bare yana zaune yana ji.

"Akwai ciwon da ba ya fitowa a jini," in ji Ummul a hankali. "Sai an kore sauran cututtuka, sannan a gane shi da labarin mai shi. Na kore su. Amma ba ni da ikon rubuta abin da ba a gaya mini ba."

Can sai Kailu ya ce, bai dubi kowa ba, "Faɗi, Bintu. Ni bakina ya kasa."

Ta faɗa. Rana ɗaya a tsaye, uku a kwance. Ya yi barci har hantsi ya tashi kamar wanda ya kwana sassabe. Gaɓoɓi na ciwo, hasken ƙofa na damunsa. Wata rana ya manta sunan ɗiyarsu ta fari, ya yi ta kallonta. Ranar da abin ya yi tsanani, ita ke riƙe masa ludayin hura. Tana faɗa tana kuka, don tausayinsa ya cika ta, kuma don ta ji sanyi a ranta da ta daɗe ba ta ji ba.

Ummul ta cika shafi guda: yaushe ya fara, wata nawa ya ɗauka, me aka bincika aka rasa, da duk abin da Bintu ta faɗa, har maganar ludayi. A ƙasa ta sa sunan ciwon, gajiya mai daɗewa da hutu ba ya warkarwa, da lambarsa ta littafin likitoci, G93.3, ta buga hatimi.

"Ba ni da allurar da za ta ɗauke shi," ta ce. "Ƙarfinka za ka riƙa aunawa, kamar yadda yaya Bintu ke auna hatsin rumbu cikin damina. Ran da ka ji dama-dama, ranar ce ta fi haɗari. Kuma Malam Kailu, wannan ba ragwanci ba ne."

Kailu ya ce ta sake faɗa. Ta sake.

Bayan sallar Juma'a malamin lakwal ya karanta takardar a gindin gawo, yana juya ta da Hausa. Da ya zo kan maganar ludayi, ba wanda ya ɗaga kai. Zakari ya share fuska da gefen rawani, ya ce Litinin kowa ya fito da hauyarsa.

Litinin da sassafe ganga ta tashi daga wajen gonar. Bintu na dama hurar ma'aikata, sai ta ji motsi. Ga Kailu a bakin ƙofa, hauya a hannu, yana dafe da bango. Ina! Mutane talatin cikin gonarsa shi yana kan tabarma?

Kafin ta buɗe baki, Zakari ya shigo, ashe ya san za a yi haka. Ya karɓe hauyar, ya jingine ta da bango, ya kama kafaɗar Kailu ya mai da shi kan tabarma. Sannan ya cire takalma ya zauna kusa da shi.

"Sarki, gonata ce fa," in ji Kailu.

"Na sani, ɗana. Shekara uku muka bar ka kai kaɗai. Kwanta. Ba inda za ni sai sun gama."