Gurbin Stamen a Kan Dutse

Tun da aka binne matarsa Tsvetana, ba wanda ya ce wa Stamen ya shigo mota sai ranar Asabar ɗin nan. Ɗansa Zdravko ya ce za su shiga Gabrovo sayen kyamara, kuma da shi za a je. Tsohon ya yi aski, ya ɗauko kwat ɗin zuwa coci. Burinsa bai wuce hoto guda ba, shi da ɗansa da surukarsa Rumyana, a rataya a falo, inda har karen gidan yake da hoto amma ban da shi.

A kantin kyamara, mai kanti ya ɗauko wata baƙa. "Wannan har gashin ƙafar ƙuda take kamawa."

Rumyana ta karɓa, ta kai ta dab da hancin Stamen. "Baba, ɗago haɓa. Rufe baki mana, ba haƙora muka zo gani ba."

Ya rufe. Rabon da wani ya dubi fuskarsa haka har ya manta.

"Ta cika tonon asiri," in ji ta. "Dubi gashin kunnen nan, sai ka ce daji. Mai sassaƙa dutse ya ce fuska tas yake so, hoton katin shaida ya yi duhu."

"Gara dai a yi yanzu da sauran kumatunsa," in ji Zdravko, idonsa na kan waya.

Stamen ya gane. Duk Lahadi yana kunna kyandir a gaban dutsen kabarin matarsa. Hoton Tsvetana na hagu. A dama akwai sunansa, da shekarar haihuwarsa, da gurbin hoto fayau yana jira. Kowa a garin haka yake yi, sai dai mutum shi yake zaɓar nasa.

Ya dubi ɗansa. "To, tunda mun zo, yaro, a ɗauke mu tare."

Rumyana ta washe baki. "Me zai hana! Amma koma gefe, Baba. Ƙara matsawa. A'a, kada ka dafa shi."

Ya tsaya inda aka ajiye shi, hannuwa a saki, ya yi murmushin da ya daɗe yana tanadi. Mai kanti ya karɓi kyamarar ya danna.

Miji da mata suka haɗa kai a kan ɗan allon kyamarar.

"Ita za mu saya," in ji Rumyana. "Ka gani? A yanke daga nan. Kansa ya tafi wurin mai dutse, namu mu rataya a falo."

"Kafaɗarsa ta ɗan shigo nawa," in ji Zdravko.

"Sai a goge."

Mai kanti ya juyo da allon. "Kaka, ba ka duba ba."

Stamen ya duba. Shi kaɗai ne yake murmushi a ciki.

"Ya yi," in ji shi.

Zdravko ya miƙa masa kwalin kyamarar ya riƙe, don hannun tsohon ne babu komai.