Fitilar Motar Ungozoma

Wace rana ce ya kamata bakanike ya gaya wa masu kawo masa mota cewa kunnensa ya mutu? Ranar da ya fara zargi, ko ranar da ya tabbatar, ko sai ranar da wata mota ta tona masa asiri? Na daɗe ina juya tambayar nan a ƙarƙashin motocin mutane, ban samu amsa ba.

Ba a aji na koyi gyaran mota ba, da kunne na koya. Nakan ɗora bakin dogon sukudireba a jikin inji, in kafa ƙotarsa a kunnena, in rufe ido, sai abin da ke ciwo a cikin ƙarfen ya biyo sukudireban ya faɗa mini sunansa. Shekara talatin da takwas ke nan, har sunana ya ɓace a layinmu, kowa Mai Kunne yake ce mini. Yanzu idan na kafa ƙotar wani siririn fito kawai nake ji, kuma daga cikin kaina yake fitowa. Kunnen hagu ya tafi tun bara waccan. Na dama yana haɗa kayansa.

Mutum biyu ne suka sani. Na farko maƙwabcina mai facin taya, sa'ana, wanda ya lura ba na rama tsokanarsa sai idan ina kallon bakinsa. Ta biyu 'yata, malamar makaranta. Ita ta sayo mini wata 'yar na'ura kamar sabulun wanka, wadda ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari ta aika wa waya abin da ke damun mota.

"Baba, motocin yanzu da kansu suke faɗar ciwonsu," in ji ta. "Kai dai karantawa ce taka."

"Ni ma suna faɗa mini."

"A da ke nan. Yau sallama uku na yi kafin ka waigo."

Na jefa na'urar cikin aljihun tebur tare da matattun filogi.

A tsallaken titi akwai sabon gareji. Mai shi, wanda ake kira mai kwamfuta, magidanci ne mai natsuwa, kullum shi ke fara ɗaga mini hannu. Da yana da rashin kunya da na ji daɗin ƙinsa.

"Tura masa sabbin motocin nan mana," in ji mai faci wata rana. "Ka riƙe tsofaffin gwangwanaye 'yan uwanka."

"Ranar da ka ga na tsallaka titin nan da motar wani, ka zo ka rufe mini gareji da hannunka."

"To, kurma, ajiye mini kwaɗon a kusa."

Ana haka Ungozoma ta kawo motarta. Shekara ashirin ni ke yi mata gyara, ita ta karɓi haihuwar jikokina biyu. Motar sabuwa ce, tana jijjiga idan ta tsaya, ga wata fitila ruwan ɗorawa ta kunna kanta a gaban sitiyari.

"Yaya Mai Kunne, saurara mini ita. Tun jiya take rawar ɗari."

Na buɗe bonet, na ɗora sukudireba, na rufe ido kamar yadda ta saba ganina. Ban ji komai ba sai fiton nan nawa. Na daɗe a sunkuye don kada ta gane.

"Filogi ne," na ce.

Na canja filogi. Jijjigar ta ɗan ragu, ko kuma ni na so ta ragu. Fitilar ba ta mutu ba. Sai na yi abin da kowane bakanike ya sani: na cire kan batir, na jira, na mayar. Motar ta manta kukanta, fitilar ta mutu. Ungozoma ta tafa hannu ta ce, "Ai na sani." Ban ce mata na gyara ba. Makulli kawai na miƙa mata, na bar fitilar da na kashe ta yi ƙaryar a madadina. Har yau ina auna wannan, ko akwai bambanci tsakanin faɗa da baki da barin abu ya faɗa maka. Duk lokacin da na auna, bambancin yakan fito ƙarami.

Kwana uku bayan haka, da rana tsaka, aka jawo motar da igiya zuwa ƙofar garejina. Ungozoma ce a sitiyari, gumi ya jiƙe mata riga. An kira ta gidan wata mai naƙuda a bayan gari, motar ta mutu mata a rabin hanya. Sai da ta yi tafiyar ƙasa da jakarta kafin ta samu mai babur.

"Mai haihuwar fa?" na tambaya, ina kallon bakinta.

"Ta sauka. Amma da na ƙara minti goma, da wani labarin ake yi." Ta share fuska. "Motocin zamanin nan ba amana, Yaya. Kai ma da ka gyara ta, dubi yadda ta yi maka. Sake saurara mini ita, jibi ina da wata mai ciki a can."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan ta tafi na ciro na'urar, na goge mata baƙin mai, na kwanta a ƙarƙashin sitiyari da tocila har na gano ramin da ake soka ta, na soka. Na kira 'yata, na ƙure ƙarar wayar.

"Baba, ka buɗe wancan shuɗin da na sa maka a wayar."

"Uku ne shuɗaye."

"Mai hoton mota. Me ya rubuta?"

Na gyara tabarau na karanta mata harafi-harafi. Ta ce wai sai an sabunta shi kafin ya yi aiki. Na danna inda ta ce, ya nemi kalmar sirri. Ita ta ƙirƙire ta wata takwas da suka wuce, ta manta. Muka yi ta gwada ranar haihuwarta da ta 'ya'yanta, babban yatsana yana danna harafi biyu a lokaci ɗaya. Da ƙyar ya buɗe. Sai ya jero mini layi bakwai, haruffa da lambobi, kowanne da dogon bayani cikin yaren da ko ita, da na karanta mata, ba ta gane ba.

"Wannan kam sai wanda ya karance shi, Baba. Amma za ka koya, a hankali."

"Wata nawa?"

Idan ta amsa, ni dai ban ji ba. Aka kaɗa ƙararrawar makarantarsu, ita ta gaya mini, ta kashe wayar.

Na zauna a kujerar direba ina kallon layukan nan bakwai. Ko da na haddace su, baɗi za a sabunta abin, a kawo wasu. Ina iya sake cire kan batir. Ina iya canja abu uku da sa ran ɗaya ya dace, na sha yin haka a shekaru biyun nan ba wanda ya gane. Amma jibi Ungozoma za ta sake bin wannan hanya.

Na fito na leƙa rumfar mai faci.

"Taso ka riƙe mini sitiyari."

"Ina za mu?"

Na nuna tsallaken titi da haɓa. Ya dube ni, na zuba wa bakinsa ido ina jiran maganar kwaɗo. Bakin bai motsa ba. Ya ajiye tayar da ke hannunsa, ya goge tafinsa a wando, ya shiga motar.

Na kafa kafaɗa a bayanta na fara turawa. Motoci suka tsaya mana, wataƙila suna ta hon. A can tsallake mai kwamfuta ya miƙe tsaye, ya fara janye bencinsa daga hanya.