Kujerar Bazabarme

Duk wanda ya san unguwar Lamordé a Yamai ya san rumfar waldar Halidu, ya kuma san abin da ke cikinta lulluɓe da tsohon tanti. Mota ce, ko da yake in ka kira ta mota wasu dariya suke yi. Ba rufi, ba ƙofa, kujeru biyu rak, ga ta a ƙasa-ƙasa har wanda ke zaune ciki yana iya miƙa hannu ya ɗebi yashi. Halidu ne ya ƙera ta, shi da amininsa Abdoulkarim, suka sa mata suna Tsattsewa.

Halidu Bagobiri ne, mutumin Tibiri, gajere kakkaura. Cin rani ya kawo shi Yamai, walda ta riƙe shi. Abdoulkarim kuwa Bazabarme ne haifaffen unguwar Gaweye, direban taksi, dogo ne na gaske, sai ya sunkuya yake shiga rumfar. To kun san Bagobiri da Bazabarme abokan wasa ne, ba sa haɗuwa baki ya huta.

"Bawana, an tashi lafiya?" in ji Abdoulkarim kullum safiya.

"Kai ne bawa. Zo ka riƙe mini ƙarfen nan, tsawonka ya yi amfani yau," in ji Halidu.

Haka suke gaisawa tun gashinsu yana baƙi.

Asalin abin, taksin Abdoulkarim ce ta tsufa, jikinta ya ruɓe, amma injin lafiya lau. Ya tsaya a kanta ya ce, "Injin nan bai gaji ba, Bagobiri, kaya ne suka yi masa yawa. Da za a rage masa nauyi, wallahi tashi sama zai yi." Halidu ya ɗauka wasa ne. Ashe maganar ta shige shi. Lahadi na zagayowa suka tafi kasuwar Katako suka kwaso bututun ƙarfe da fallayen alminiyo, aiki ya tashi.

Kai, sun sha fama! Suka aro sikelin mai shinkafar da ke maƙwabtaka da su, duk abin da zai hau motar sai ya fara hawa sikeli. Abdoulkarim ya duba allura, ya taɓe baki, ya ce, "Cire!" Ƙofa, cire. Rufi, cire. Rediyo, haba, wa zai ji rediyo ga inji na waƙa? Cire. Har ƴan unguwa suka riƙa kiransa Malam Cire, shi kuwa yana amsawa da fara'arsa.

Da aka zo kan kujera, Halidu ya kawo ƙarafan nan da ake zura kujerar direba gaba da baya. Abdoulkarim ya ɗora su a sikeli ya kama kai.

"Wannan duka? Don wa? Mutum nawa ne za su tuƙa motar nan?"

"Kai kaɗai," in ji Halidu. "Ni ƙira tawa, tuƙi naka."

"To cire. A auna ni, a liƙe ta wuri guda."

Aka aika gidan Abdoulkarim, matarsa Zalika, wadda tela ce, ta zo da tef ɗinta. Ta auna mijinta daga kwankwaso zuwa diddige tana dariya, ta ce ita dai ba ta taɓa ɗinka wa mutum mota ba. Halidu ya yi wa kujerar walda can baya, daidai ƙafar Abdoulkarim, ya liƙe ta ƙam. Tasa kuwa, ta gefe, da yake ƙafafunsa gajeru ne, sai suka cusa batir da akwatin kayan gyara a gabanta. A ranar ma Abdoulkarim ya gwada zama wurin don tsokana, ƙafa ɗaya ta shiga, ɗayar tana reto a waje. Suka yi dariya har da hawaye.

Alkawari suka yi: ranar da Tsattsewa ta samu takardu, Abdoulkarim zai tuƙa ta su haye gada, su kama hanyar Doso, sai Kure, su gaida raƙuman dawa. "Ƴan'uwana dogaye," in ji shi. Maganar takardun ma Halidu ya yi zarya ofis-ofis har takalminsa ya cinye.

Ana cikin jiran nan wani ɗan tsinken ƙarfe ya soki Abdoulkarim a tafin ƙafar dama, a nan cikin rumfar. Abin da bai kai a ce sannu ba. Ashe ciwon suga ya daɗe yana cin sa bai sani ba. Miki ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya haura. Ranar da takardun suka fito, Abdoulkarim yana kwance asibiti, an yanke ƙafar daga saman gwiwa.

Halidu ya je dubiya da takardun a aljihu, ya kasa fito da su. Abdoulkarim ne ya fara magana.

"Ka gani, Bagobiri? Har likita ya ji sunana. Ya duba, ya ce cire."

Halidu ya so ya rama tsokanar kamar yadda aka saba. Amma sai ya fita baranda ya tsaya yana kallon bango.

Bayan an sallame shi, magana ɗaya ce a bakin Abdoulkarim: ƙafar roba. "Kada ka taɓa mini kujera. In na samu ƙafar roba zan koya mata totur, ka ga tuƙi." Halidu ya ce to. Ya riƙe wannan to ɗin da hannu biyu.

Mutane kuwa da baki! Kowa ya leƙo rumfar sai ya ba da shawara. Ka yanke kujerar mana ka matso da ita gaba, aikin safiya guda ne ga mai walda kamarka. Ai shi ma ya sani. Amma yanke kujerar nan daidai yake da ya je ya dubi idon Abdoulkarim ya ce masa ka gama tuƙi a duniya, shi kuwa Halidu ba zai iya ba. Sai ya riƙa kula da ita kawai. Duk Lahadi ya yaye tanti, ya tayar da inji ya yi ɗumi, ya duba mai da ruwa, ya tura ta kaɗan don kada taya ta kwanta, ya kori ɓeraye daga wayoyi. Sa'an nan ya zauna a kujerarsa ta gefe yana kallon ɗayar.

Damina ta zo ta kusa wucewa a haka. Wata safiya sai ga Zalika a bakin rumfar.

"Malam Halidu, ka fita da shi a motar nan. Ya daina cin abinci, ya daina ma zaginka."

"Ai ƙafar roba muke jira, Zalika."

"Kada ka jira," in ji ta. Ya tambaye ta dalili, ta gyara mayafinta ta ce ta bar tukunya a wuta.

Halidu ya rasa yadda zai yi. In ya zauna a kujerar direba, yatsun ƙafarsa ko kusa ba sa kai wa birki. Daga ƙarshe ya samo guntayen katako ya ɗaure su da waya a kan totur da birki da kuloci, ya ɗauko filo biyu daga ɗakinsa ya tokare bayansa. Abin dai ba kyan gani, amma bai taɓa waldar ba.

Da hantsi ya tsaya ƙofar gidan. Abdoulkarim ya fito yana dogara sanduna, ya rame har rigarsa tana yawo a jikinsa. Ya shafa motar tun daga hanci har gefe, ya ji filon, ya ce, "Bagobiri da shimfiɗa a mota! Barci za ka yi?" Aka taimaka masa ya zauna a kujerar gefe. Ƙafar hagu ta shige gefen batir, ba abin da ya rage a waje.

"Ka ga yanzu ta yi mini daidai," ya ce.

Suka haye gadar Kennedy, kogi ya cika ya yi jajir, masu babura suna binsu suna ihu. Suka ratsa gari suka kama gudaro, kwaltar da ta miƙe Doso. Jandarman shinge ya juya takardu, ya zagaya motar, ya ce shi dai bai ga inda ake buɗewa a shiga ba, ya ɗaga musu hannu yana dariya. Da hanya ta buɗe Halidu ya taka katako, Tsattsewa ta zabura. Tabɗi! Gaskiyar Bazabarme, injin nan bai gaji ba. Iska tana dukan fuskokinsu, gonakin gero suna wucewa, Abdoulkarim yana ta faɗa da ƙarfi: "Canja giya! Kana shaƙe ta! Kai, wa ya koya maka tuƙi, mai jaki?" Halidu ya ji daɗin zagin nan har cikin ransa. Ya lura dungun cinyar yana motsi cikin wando duk sa'ad da ya kamata a taka birki.

A hanya Abdoulkarim ya karkata kunne ya ce a tsaya, bel ya saki. Halidu ya duba, haka ne. Ya ɗaure shi, ya ƙara ruwa, ya gyara katakon birki da ya fara zamewa, suka ci gaba.

Kusa da Kure Allah ya ba su sa'a. Ga raƙuman dawa nan a hannun dama, dab da hanya, uwa da ɗanta da wasu a baya, suna cin ganyen ƙaya hankali kwance. Halidu ya kashe inji.

"Ga ƴan'uwanka nan, Bazabarme."

"Masha Allah," in ji Abdoulkarim. "Kai, dubi tsawo! Dubi wuya!"

Halidu ya juyo zai tsokane shi, sai ya fasa. Abdoulkarim ba dabbobin yake kallo ba. Fuskarsa tana can gaba, wajen wani busasshen itace da ke tsaye shi kaɗai, yana yi masa murmushi. Nan take Halidu ya gane abin da Zalika ta ƙi faɗa. Sugan bai tsaya a ƙafa ba, ya kai ga ido. Wayyo, ashe ko an kawo ƙafar roba goma, ba abin da za su yi masa.

A hankali Halidu ya sa hannu ya juya kafaɗar abokinsa zuwa dama. Abdoulkarim ya bar fuskarsa inda aka ajiye ta, murmushin ya tafi. Can ya ce, "Akwai ƙarami a cikinsu?"

"Akwai. Yana jikin uwarsa."

"To madalla."

A hanyar dawowa ba wanda ya zagi wani. Da suka haye gada Abdoulkarim ya ce kada a kai shi gida tukuna, a biya rumfa. Rana ta yi sanyi, maƙwabta suna alwalar la'asar.

"Cire filon nan da katakon," ya ce. "Zauna sosai, ka miƙe ƙafa."

Halidu ya yi yadda aka ce. Abdoulkarim ya sunkuyo daga kujerar gefe, ya lalubi diddigen Halidu, ya lalubi birki, ya auna tsakaninsu da tafin hannu. Ya nemi alli, aka sa masa a hannu. Ya shafa ƙarfen da kujerar ke kai, ya mayar da awon gaba, ya ja layi. Layin ya ɗan karkace.

"Nan za ta zauna. Yanke."

"Haba, Abdoulkarim. Mu jira mana..."

Bai taɓa kiran sunansa haka ba, ba Bazabarme, ba bawa. Su duka biyu suka ji shi.

"Katako zai kashe ka a hanya wata rana, Halidu. Ni na ce a liƙe ta, ni kuma na ce a yanke. Yi ina nan, ina so in ji."

Halidu ya sauko. Ya jawo waya, ya ɗauko injin yankan ƙarfe ya ajiye kusa da layin allin. Sai ya miƙa hannu ya ɗauki baƙar garkuwar walda ya rufe fuskarsa da ita, alhali bai kunna komai ba. Ya daɗe a durƙushe a haka, kafaɗunsa suna rawa.

Abdoulkarim ya miƙo hannu yana neman kansa, yatsunsa suka ci karo da garkuwar. Ya san yanka ba ya bukatar ta. Ya bar hannunsa a kai, bai ce masa ya cire ba.