Batir Ɗin Jitar Bahago

Shekara talatin da ɗaya Bahago ya yi yana kaɗa jita a ƙungiya ɗaya. Da hagu yake kaɗawa, shi ya sa laƙabin ya bi shi har ya danne sunansa na yanka. Babbar 'yarsa ce mai shagon gyaran kayan sauti a ƙasan wani bene, jikin shagon mai ɗinkin labule. Tun ranar da ta buɗe, bai ƙara kiranta da komai ba sai Injiniya.

Wata Talata ya shigo ya kwantar mata da jitar a kan tebur.

"Injiniya, tsohuwar nan muryarta ta dushe. Mai ganga yana neman binne ni da raina."

Ta jona, ta kaɗa. Ita dai ba ta ji wata dushewa ba, amma ba a musu da Baba a kan jitarsa. Ta ce za ta canza masa fikof, wato 'yan abubuwan nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya suna ɗaukar sauti, ta sa masa masu aiki da batir, don sun fi ƙarfi kuma ba sa ƙugi.

Kwana biyu ta yi a kai. Ta cire tsofaffin, ta canza maɓallan ƙara murya don na dā ba su dace da sababbin ba. Ta samo wa batir mai bolt tara gurbi ta bayan jitar, ta naɗe shi da soso kada ya taɓa wani abu. Jar waya ta kai ta fikof, baƙar kuma ta liƙa ta da dalma a bakin da ake jona jitar, yadda batir ba zai fara ci ba sai an soka waya.

"Baba, in ka gama kiɗa ka riƙa zare wayar. In ka bar ta, batir zai mutu."

"Na'am?"

"Ka zare waya!"

"To, mene ne na ihu kuma?"

Sati biyu ya dawo, wai batir ya yi sanyi. Ta yi masa tsiyar mantuwa, ta sa sabo. Bayan kwana goma ya sake dawowa, ta sake canza masa. A zuwa na uku ne ta ɗora batir ɗin a kan mita. Cike yake. Ta jawo durowa ta gwada biyun da ta cire a baya, su ma lafiyarsu ƙalau.

Ta jona masa jitar, ya murɗa sifikar da kansa ya kaɗa. Gilashin taga ya ɗauki rawa. Mai labule ya leƙo da almakashi a hannu yana tambaya ko lafiya.

"Kin ji ko?" in ji Bahago, fuska a murtuke. "Kamar daga cikin rijiya. Siraran tsirkiyoyin ma babu su kwata-kwata."

Ta zagaya bayansa kamar za ta ɗauko wani abu. "Baba," ta ce. Bai juyo ba. Ta ƙara murya. Yana ta murɗa maɓalli. Sai a lokacin ta tuna yadda ya koma kallon bakin mutum in ana magana, da yadda Umma ke ƙorafin ya daina amsa sallama.

Ta dawo gabansa ta durƙusa. "Baba, jitar lafiya take. Ina jin kunnenka ne."

Ya zare wayar daga jikin jitar. "Haɗin wayarki ne a karkace," ya ce, ya saɓa jitarsa ya fita.

Wajen wani mai gyara ya kai jitar, can ƙarshen gari. Wannan ya buɗe, ya duba, ya ce duk wanda ya yi aikin nan ya iya. Ran nan kuma mawaƙin ƙungiyar ya zo shagon a ɓoye, ya ce mata wata shida ke nan suna rufa wa babanta asiri: yana shiga kafin lokaci, yana sauka daga kiɗa, kuma babu mai ƙarfin halin faɗa masa.

Umma ce ta samu ta kai shi asibiti. Likita ya ce shekarun tsayuwa jikin sifika ne, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. An ba shi na'urar sawa a kunne. Tana taimaka masa a hira, amma da an fara kiɗa sai komai ya cakuɗe ya zama hayaniya. Da bakinsa ya je ya sallami ƙungiyar.

Ya yi wata guda bai taka shagon ba. Ranar da ya zo, bai zauna ba, jitar kawai ya miƙa mata.

"Cire batir ɗin, kada ya tsiyaya ya ɓata ta a ajiye."

Ta kwance noti huɗu na murfin baya, ta ciro batir ɗin.

"Injiniya, aikinki ba shi da laifi. Na faɗi abin da bai kamata ba."

"Baba, ko sau ɗaya ka kaɗa mini kafin in rufe."

Ya girgiza kai. "Ke za ki ji, ni ban san me nake ba ki ba."

Ta mayar da murfin, ta sa jitar a jaka ta zuge. Sannan ta kulle shagon da rana tsaka, ta riƙe gefen rigarsa ta tsallaka da shi titi, don motocin wajen ba sa jiran kowa.